Baƙuwar da Aka Tono a Gonar Surukina

A wani ƙauye kusa da Burumburum na yi aure, lokacin ina koyarwa a ƙaramar sakandaren da ke bakin titi. Ni mutumin Kiru ne, aiki ne ya kai ni can, kuma ban cika shekara biyu ba aka ba ni 'yar gidan da nake sayen madara da ƙwai a wurinsu. Mahaifinta dattijo ne dogo, marar yawan magana. Tsakanina da shi sai gaisuwa. In na je sai in tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa, ya tambaye ni aiki da mutanen Kiru, ni kuma in amsa kaina a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Malam yake ce mini, ni kuma in ce Baba.

Shi ba ɗan asalin wurin ba ne. Garinsu na cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya cinye. Yana saurayi aka taso su, 'yan'uwansa suka zauna bakin ruwa suka koma su da noman rani, shi kuwa ya ce ba zai iya kwana yana kallon ruwan nan ba. Ya yo kudu, mai gari ya yanka masa daji a gindin wani dutse, ya sare shi da hannunsa. Gonar ta yi kyau ƙwarai, musamman ɓangaren da ke jikin dutsen, inda ƙasar take baƙa mai laushi kamar an zuba mata taki.

Wata kaka na je taya su ɗaukar dawa. A iyakar gonar na ga tsibin wasu baƙaƙen duwatsu masu nauyi, jikinsu duk ƙuraje kamar abin da ya narke ya daskare. A cikinsu akwai tsingaro mai zane iri-iri, wanda bai yi kama da tukwanen da ake sayarwa a kasuwa yanzu ba. Na tambayi wan matata, wanda shi ne babba a maza, ya ce ai kashin maƙera ne, kullum garma sai ta tono shi, Baba ne yake tsincewa yana tarawa gefe don kada ya karya bakin garma. Na zuba kaɗan a aljihu. Na nuna wa ɗalibaina a aji, sannan na ɗauki hotonsu na tura wa wani abokin karatuna da ke aiki a jami'a. Ban yi tunanin komai zai biyo baya ba.

Da bazara sai ga kira. Ashe akwai masu binciken kufai da kayan mutanen dā da suke zagaya duwatsun da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa, suna neman wuraren da aka zauna tun kafin a fara rubuta tarihi. Abokina ya nuna wa shugabansu hoton. Shugaban wani mutum ne mai furfura a gemu, kowa Dakta yake ce masa, kuma Hausa ce a bakinsa tsantsa. Na kai su gonar. Ya yi ta tafiya a hankali yana kallon ƙasa, ya sunkuya ya ɗauki wannan, ya juya wancan. Da muka zo jikin dutsen ya nuna mini wasu ramuka masu santsi a kan falalen, ya ce nan mata suka yi niƙa har dutse ya lotsa. Sau nawa na zauna a kan falalen nan ina cin rake, ban taɓa lura ba.

Ya ce yana so su haƙa 'yan ramuka kafin ruwa ya sauka, amma sai mai gona ya yarda. Ni na shige gaba, da shi da mai unguwa, muka sami Baba a zaure yana tufka igiya. Dakta ya yi bayani dalla-dalla, bai ɓoye komai ba. Ya ce za su mayar da ƙasa yadda suka same ta, kuma in Baba bai so ba, babu komai, sai su wuce wani wurin. Baba ya saurara har ƙarshe. Bai dubi Dakta ba, wajen da nake durƙushe ya ɗan kalla.

Ya ce, "Tun da Malam ne ya kawo ku, ai gonar taku ce."

Na koma gida da murna na ba matata labari. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Da ka gaya mini tukuna, da na sa Inna ta ji ta bakinsa."

Na ce, "Ai ya yarda. Da bakinsa ya faɗa."

Ta ce, "Kai ka je da kanka, ga baƙo, ga mai unguwa. Me kake so ya ce?"

Na ji maganar, amma na ɗauke ta irin ta mata da iyayensu. Kuma kwanakin farko sun ƙara kwantar mini da hankali. Suka kafa turaku, suka ja zare, suka yanka ƙasa murabba'i-murabba'i. Ba haƙa suke irin ta rijiya ba. Da ɗan cokalin magina suke kankarewa, su share da buroshi, duk ƙasar da ta fito a zuba a rariya a tankaɗe. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo, wasu na cewa zinariya ake nema, har suka gaji suka daina, don ba abin da suke gani sai tsingaro da gawayi. Baba kuwa kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a inuwar ɗorawa. Ranar da suka fito da gindin murhun da aka narka tama a ciki, wani da'irar jan yumɓu da wuta ta gasa, har tasowa ya yi ya leƙa. Dakta ya nuna masa guntun bututun yumɓu da ake zuga iska ta ciki. Baba ya juya shi a hannu ya ce ashe maƙwabtansa maƙera ne bai sani ba. Aka yi dariya. Ni kuwa ina tsaye a gefe ina jin kamar ni na ƙera murhun.

Ana saura kaɗan su tashi, na taso daga makaranta da azahar na tarar wurin ya yi tsit. Wata ɗaliba daga cikinsu tana durƙushe a ramin da ya fi kusa da dutsen, sauran sun kewaye ta. Na leƙa. Mutum ne kwance a gefensa, gwiwoyinsa sun naɗe har ƙirji kamar mai jin sanyi, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci. Ƙasusuwan sun yi launin ƙasar. Kusa da kai akwai 'yar tukunya da ba ta fashe ba, a wuya kuma wasu 'yan duwatsun ado farare. Zurfin wurin bai kai ƙugu ba.

Aka aika aka kira Baba daga masallaci. Da ya iso bakin ramin sai ya tsaya, ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, a kan ƙasar bazara mai zafi. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Namiji ne ko mace?"

Dakta ya ce, "Ga alama mace ce, Baba. Kuma ta manyanta, haƙoranta sun cinye."

"Musulma ce?"

"Ina jin ta riga zuwan Musulunci ƙasar nan da nisa. Amma sai an auna za a tabbatar."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Nan ne daidai inda nake juya shanu."

Dakta ya bari har aka yi la'asar, sannan ya zo ya zauna kusa da shi a gindin ɗorawa. Ya ce yana neman izinin ɗaukar ƙasusuwan zuwa jami'a, domin a can ne za a iya sanin zamaninta, da abin da take ci, da irin wahalar da ta sha. Ya ce in an gama zai dawo da ita. Ya kuma ce in an bar ta a nan, yanzu da kowa ya gani, yana tsoron masu neman dukiya ko masu neman asiri su zo su tone. Wannan gaskiya ce, kowa ya sani. Baba ya juyo wajena, kuma ina jin wannan ne karo na farko da ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce, "Malam, kai me ka gani?"

Na ce abin da na yi imani da shi a lokacin, wanda har yanzu ban ce ƙarya ba ne. Na ce ilimi ne, kuma amfanin na kowa ne, kuma ba za a daɗe ba. Ya ce to. Washegari suka kwashe ta gaɓa-gaɓa, kowane ƙashi da ledarsa da lambarsa, suka jera a akwati da auduga. Kafin a rufe, Baba ya miƙa wa ɗalibar nan wani farin ƙyalle sabo da ya zo da shi daga gida, ya ce a lulluɓa mata. Suka cike ramukan tsaf kamar yadda suka yi alkawari, suka yi godiya, suka tafi.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka. Baba ya shuka rabin gonar da ke wajen hanya, inda ƙasar tsakuwa ce, ya bar baƙar ƙasar nan ta jikin dutse. Da farko an zaci jira yake ƙasar ramukan ta zauna. Har aka yi noman farko bai taɓa wurin ba, ciyawa ta rufe shi. Wan matata ya je ya sami liman, liman ya zo har gida ya ce wa Baba babu laifi, kabarin da ya shafe tun zamanin da ba wanda ya sani ba ya hana noma, balle ma an ɗauke mai shi. Baba ya ce ya ji, ya gode, ya san malam ya fi shi sani. Amma ya ce wa ya tabbatar masa ita kaɗai ce? Ya ce ƙasar nan da yake ta yabo yana cewa ba ta son taki, yanzu ya san abin da ya sa take baƙa. Na gaya wa matata cewa Dakta ya ce toka ce da sharar gida ta mutanen dā suka mayar da ita haka. Ta kai masa maganar. Ya ce to, madalla. Bai shuka ba.

Kakar wannan shekarar ta zo musu da ƙaranci. Gidan da ake cika rumbu uku aka tashi da ɗaya da 'yan kai. Ba wanda ya ce mini komai. Inna, surukata, ta ci gaba da aiko mana da kuka da daddawa kamar kullum. Wan matata dai gaisuwarsa ta gajarce. Na sayi masara na aika a kan amalanke, Baba ya aiko ƙaninsa takanas ya yi mini godiya mai tsawo, har da addu'a ga iyayena. Na tsaya ina amsa amin, ina jin da ma zagina aka aiko a yi.

A wannan lokacin ne matata ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce da za a tashi su Baba daga tsohon garinsu, mahaifin Baba bai daɗe da rasuwa ba, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta gama yi ba. Aka kwashe kaya, aka kwance jinka, aka kora dabbobi, maƙabarta kuwa aka bar ta. Bayan ruwa ya cika, sai Baba ya biya wani mai kwalekwale ya kai shi tsakiya, yana ta duban duwatsun gefe yana ƙiyasin inda garin yake. Mai kwalekwalen ya ce masa nan ne, wani da ke tare da su ya ce a'a can ne. Ya yi addu'a a wurare biyun ya dawo. Ta ce tun suna yara ba ya cin kifin Tiga, kuma ba a tambayarsa dalili.

Daga nan saƙo ya fara zuwa. Ba ya tambayata kai tsaye. In matata ta je gida ta dawo sai ta ce, "Baba ya ce a tambaye ka, baƙuwarsa fa?" Haka yake kiranta. Sai in kira Dakta. Mutumin bai taɓa ƙin ɗaukar wayata ba, bai kuma taɓa yi mini ƙarya ba. Ya ce an ɗebi ɗan guntu an aika wani wuri mai nisa don aunawa, ana jiran amsa. Daga baya ya ce an rufe jami'ar. Daga baya kuma ya ce sai an sami sa hannun wasu na sama kafin a fitar da abin da ya riga ya shiga ajiya. Kowane dalili na gaskiya ne, amma ni ne mai kai shi, kuma kowane na kai sai in ji ya yi mini nauyi a baki. Damina ta biyu ta zo ta wuce, baƙar ƙasar tana nan a saure.

Sai na fara ƙauracewa. Da can kowace Juma'a nake zuwa gaisuwa, na koma sai an yi wata. In zan je kasuwa sai in ce wa ɗan acaɓa ya bi ta bayan makaranta, don kada mu wuce ta ƙofar zauren. Da aka yi suna a gidan na je da sassafe cikin jama'a, na fice kafin a watse.

Wata ranar Asabar da hantsi ina wanke babur ɗin wani abokin aikina da na ara, sai na ji sallama. Baba ne, shi kaɗai, da sandarsa. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa taka gidana ba, ko da aka yi haihuwa. Na rasa inda zan sa kaina. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, matata ta kawo ruwa ta koma ciki da sauri. Na durƙusa can nesa.

Ya ce, "Malam, lafiya muka daina ganinka?"

Na ce ayyuka ne suka yi yawa, jarrabawa ta matso.

Ya ce, "To. Na ce ko maganar nan ce. In ita ce, ka daina sa ta a ranka. Ba kai ka kwantar da ita a gonata ba. Kuma da ba a tono ta ba, da har in mutu ina taka ta ban sani ba."

Na ce, "Baba, ni na kawo su."

Ya ce, "Ni kuma na ce su haƙa."

Ya ɗan kurɓi ruwan, ya tambayi jikokinsa, ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya yana gyara takalmi, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ni dai in da hali, a dawo da ita ina da rai. In na tafi, yaran nan ba za su bi ba."

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta na hau mota zuwa jami'a. Dakta ya karɓe ni hannu biyu, ya kai ni wani ɗaki mai sanyi cike da kantoci. Akwatinta na can a jere da wasu, da lamba a jiki. Ya buɗe mini, na ga farin ƙyallen a ninke a sama, bai yi datti ba. Ya ce sakamako ya zo. Ta rayu tun kafin a san garuruwan da muke ji da su yanzu. Gero ne yawancin abincinta. Gwiwoyinta da yatsun ƙafarta sun nuna ta yi shekara da shekaru tana durƙuso a kan dutsen niƙa, kuma ta taɓa karya hannu ya warke sarai, wato akwai wanda ya yi jinyarta. Yana faɗa idonsa na ƙyalli, ni ma na ji daɗin ji, sannan na ji kunyar jin daɗin. Na gaya masa maganar Baba ta bakin ƙofa, kalma da kalma. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce in ba shi zuwa bazara.

Ya cika alkawari. Da kansa ya tuƙo motar, akwatin a kujerar baya. Lokacin ƙafar Baba ta riga ta kumbura, sai a kan babur aka kai shi gonar, wan matata yana riƙe da shi ta baya. Aka yi 'yar muhawara a kan yadda za a kwantar da ita. Liman ya ce ba za a yi mata salla ba, kuma ba wanda ya yi gardama. Wani ya ce a juya ta gabas. Baba ya ce a'a, a mayar da ita yadda nata suka ajiye ta, su suka san abin da suke nufi. Dakta ya fito da zanen da suka yi ranar farko, ya shiga ramin da kansa, ya yi ta jera ƙashi bayan ƙashi har ta koma a naɗe, hannu ƙarƙashin kunci. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, rana ta take, ba wanda ya tafi. Ni na riƙa miƙa masa ledojin.

Da ya gama, Baba ya leƙa daga inda aka zaunar da shi.

Ya ce, "Tukunyarta fa? Da abin wuyanta?"

Dakta ya ce waɗannan doka ta mayar da su kayan ƙasa, suna wurin ajiyar kayan tarihi, ba shi da ikon fito da su. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Ni na san da haka tun ranar da na je, na kasa gaya wa kowa.

Baba ya ce, "To." Ya ɗebi ƙasa da hannu ya zuba, muka bi bayansa.

A hanyar komawa na gaya masa abin da aka gano, ina tafe a gefen babur ɗin. Da na zo kan karayar hannun da ta warke, sai ya sa na maimaita. Ya ce ashe tana da mutane.

Bai ƙara yin wata damina da ƙarfinsa ba. Ya sa an dasa bini-da-zugu an kewaye wurin, ya ce sauran baƙar ƙasar in yaran suna so su noma, shi dai ya gama. Ya rasu bayan sallar layya ta shekarar da ta biyo baya. Ni ne na huɗu a masu ɗaukar makara daga ƙofar gida.

Yanzu wan matata ne ke noma gonar, kuma iyalinsa sun yi yawa. Bara da bazara ya tare ni a kasuwa, muka gaisa, ya ja ni gefe wajen masu sayar da igiya. Ya ce shingen nan yana cin wuri, kuma shanu na wahalar juyawa a kusurwar. Yana so ya ji ko akwai laifi in ya cire shi ya haɗe gonar. Na ce ai shi ne babba, shi ya gaji wurin. Ya ce ya sani, amma ni ne na san mutanen, ni na san abin da ke ciki. Na ce masa gaskiya ban san abin da zan ce ba. Ya tsaya yana jira ko zan ƙara wani abu, da ya ga ban ƙara ba sai ya sayi igiyarsa muka rabu. Da damina na bi ta gonar a kan hanyata ta zuwa Doguwa. Masara ta kai kafaɗa ko'ina, ya matso da kunyoyinsa har suna gogar shingen, amma bai cire shi ba tukuna.